Musayar Gida da Mai Kyanwa

Tun da Sista ta ajiye aikin jinya ba ta taɓa yin rabin awa a zaune wani bai kira ta ba, shi ya sa kwana shida a wannan gida na ƙasar waje suka zame mata kamar wata shida. Ta share ɗakin da ba shi da ƙura. Ta leƙa titi daga hawa na huɗu, ta ga kowa na sauri da jakarsa a kafaɗa, ta koma kicin ta buɗe firij ta rufe, ta sake dawowa taga. Kyanwar gidan tana kwance kan kujera tana bin ta da ido, kamar uwar gida mai lura da sabuwar 'yar aiki.

Dabarar duk ta Auta ce, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta shekara huɗu a ƙasar tana karatun haɗa magunguna, yanzu saura kwana tara a miƙa mata takardar kammalawa. Sista ta rantse sai ta gani da idonta. Tikitin jirgin da aljihunta ya iya ɗauka irin wanda ba a canza masa rana ne, mai sauka biyu a hanya da jaka ƙarama guda, kuma sai mutum ya yi mako uku kafin ya juyo. Otal ba a ma yi maganarsa sau biyu ba. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa ba a yarda baƙo ya kwana. Sai Auta ta gano wani shafin intanet inda mutane ke musayar gida, ka zauna a nawa in zauna a naka, ba mai biyan wani. Aka dace da wata mata mai fassara littattafai, tana neman wuri mai rana da shiru don ta ƙarasa wani aiki kafin ƙarshen wata. Sista da hannunta ta rubuta cewa gidanta ɗaki biyu ne, unguwar kuma shiru. Lokacin da take rubutawa ta yarda da abin da ta rubuta.

Matar, wadda Sista ta laƙaba wa Mai Kyanwa, ta bar takarda shafi huɗu manne a jikin firij: lokacin cin abincin kyanwa, lambar likitan kyanwa, shara kala huɗu kowace da kwandonta, da sa'o'in da ba a kunna injin wanki saboda na ƙasa. Ita kuwa Sista ba ta bar ko layi ɗaya ba. Ta dai ce wa yayarta, wadda ke zaune ƙofa da ƙofa da ita, ta kula mata da baƙuwa.

A nan babu mai kula da kowa, ko haka Sista ta gani. Akwai wani dattijo da suke haɗuwa a lif, na'urar hawa bene, kullum da safe. Ranar farko ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sai ya ƙanƙame ledar burodinsa ya kafe ido kan lambobin hawa har suka sauka. Da ta ba Auta labari, Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a nan wanda ya tambaye ka iyali ko ɗan sanda ne ko mai tallar inshora. Sista ta ce Allah ya kyauta, mutum zai iya mutuwa a ɗaki sai wari ya sanar. Abin da ba ta faɗa wa Auta ba shi ne a rana ta uku ta kwanta bayan azahar ta yi barcin awa huɗu cur, ta farka tana lalube, ba ta san rabonta da irin wannan barci ba.

Saƙon ya shigo da hantsi, tana tsaka da auna wa kyanwa abinci. Mai Kyanwa ce, ta fara da godiya har sau uku kafin ta shiga magana. Ta ce ranar da ta sauka tana wanka wata dattijuwa ta buɗe ƙofa da nata mabuɗin, ta shigo da kular abinci. Tun daga ranar sau uku take zuwa kullum, ta zauna a falo tana kallon ta tana aiki, tana tambayar ta da hannu ina miji, ina yara. Wani ya zo aron dutsen guga. Wata ta kawo jariri mai zazzaɓi. Da safe kuma tsofaffi huɗu ko biyar kan jeru a kujera, dattijuwar ta ciro na'urar awon jini daga durowa ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mutanen kirki ne, ta sani, amma a kwana shida shafi goma sha ɗaya ta fassara maimakon sittin, masu buga littafin kuma ba za su jira ba. Ta samu jirgin dawowa ranar Alhamis. In ba yadda za a yi, za ta dawo gidanta, Sista na iya kwana biyu a kujerar falo kafin ta nemi wani wuri. Tana son amsa kafin yamma.

Sista ta karanta a tsaye, ta sake karantawa tana zagaya tebur. Kwana biyu daga Alhamis ya kai Asabar, taron miƙa wa Auta takarda kuwa sai Laraba ta sama. Ta kira Auta, wadda ta amsa da raɗa daga ɗakin gwaji, ta ce babu wata mafita, ƙawayenta duk a ɗakin ɗalibai suke, a kira Inna kawai a ce ta daina zuwa. Haka take kiran Yaya. Ta faɗe shi da sauƙi, kamar wadda aka aika ta rufe famfo.

Yaya ta girmi Sista da shekara tara. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta raka ta makarantar jinya da akwati a ka. Mabuɗin nan shekara ashirin da shida yana ɗaure a bakin zaninta. Sista ta ɗauki waya ta ajiye, ta wanke kofin da ta riga ta wanke, ta je taga, ta dawo. Sai da agogon kicin ya nuna sha biyu ta danna kira.

Yaya ta ɗauka da murna. Bayan gaisuwa, ba a tambaye ta ba ta shiga ba da rahoto. Baƙuwar nan abar tausayi ce, siririya kamar tsinken tsintsiya, ba ta cin abin kirki, yini take ita kaɗai tana danne-danne ba mai ce mata sannu. Amma kar Sista ta damu, an tsaya mata, ko jiya sai da aka sa ta ta cinye rabin kula.

Sista ta bi ta hanya mai laushi. Ta ce mutanen can halinsu daban ne, shiru suke so, ko maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya aiko da saƙo. Ta ba da labarin dattijon lif don a yi dariya. Yaya ta yi dariyar, sannan ta ce ai shi ke nan an gano ciwon, kaɗaici ne ya yi musu katutu har ba su san yana damun su ba.

"Bari in je yanzu in yi mata bayani," in ji Yaya. "Zan biya in ɗauki matar mai shago, tana ɗan jin yarensu. Mu zauna da ita sosai."

Ta cikin wayar Sista ta ji jan silifas, ta ji ƙarar mabuɗai. Ta ga Alhamis, ta ga kanta da jakarta a bakin titin nan inda ba mai kallon fuskar wani.

"Yaya, tsaya. Ba halinsu ba ne kawai. Ni ma haka nake."

"Ke kuma yaya kike?"

"Lokacin da nake aikin dare, in dawo ƙarfe takwas, ƙarfe tara kin shigo kin ɗage labule kin tara min masu awon jini. Kin san inda nake barci? Ɗakin ajiye zannuwan gado na asibiti. In tashi daga aiki in shiga can in rufe, in yi awa biyu a ƙasa, sannan in taho gida in ce miki aiki ne ya riƙe ni."

Silifas ɗin suka tsaya. Can nesa, a unguwarsu, wani mai mota yana ta danna hon.

"Shekara nawa?"

"Da yawa, Yaya."

"Ba ki taɓa buɗe baki ba."

"Nauyinki nake ji."

"Nauyi," in ji Yaya, kamar tana juya kalmar a tafin hannu. "To. Ki ce wa baƙuwarki ta yi aikinta. Ba wanda zai sake taɓa ƙofar."

Ta kashe, ba ta ce a gaida Auta ba.

Mutane na son cewa in ka amayar da abin da ke cikinka sai ka ji sanyi. Sista ba ta ji wani sanyi ba. Abin da ta faɗa gaskiya ne, amma rabi ne. Shekarar da mijinta ya rasu, wata uku ba ta iya tashi daga gado da kanta, kuma wannan mabuɗin ne ke juyawa kowace safiya, wannan hannun ne ke ɗage labule. Da ta haɗa da wannan, da Yaya ta samu inda za ta dafa ta ci gaba da tafiya zuwa ƙofar baƙuwa. Sista ta sani, shi ya sa ta bar shi a ciki. Ta sauka ta matakala don kar ta jira lif, ta zagaya ginin sau biyu ba rigar sanyi, ta hau, ta sake sauka da shara, ta tsaya gaban kwanduna huɗun ta rasa wanne ne na gwangwani.

Wajen la'asar wani saƙon Mai Kyanwa ya iso. An turo mata mabuɗi ta ƙarƙashin ƙofa a cikin ambulan, tun tsakar rana ba wanda ya ƙwanƙwasa, ta yi shafi tara. Ta fasa jirgin Alhamis, za ta zauna har ƙarshen wata kamar yadda aka shirya. Ta tambaya ko akwai wata kyauta da ta dace ta kai wa dattijuwar. Sista ta fara rubuta amsa sau biyu tana gogewa. Ta kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira bayan rabin awa, haka.

Auta ta shigo da yamma da rigar taron a cikin leda, tana tsalle tun daga ƙofa. Ta rungume uwarta, ta ce ai ta faɗa, magana ɗaya ce kawai. Sannan ta ce makaranta ta ba da hanyar da 'yan uwa na gida za su kalli taron kai tsaye ta waya, ko Umma za ta tura wa Inna.

"Tura mata daga wayarki," in ji Sista. "Ki fara da gaisuwa. Ki tambayi gwiwarta tukuna."

Auta ta sauke ledar a hankali. "Umma, me kika ce mata?"

Sista ta riga ta ciro rigar tana duba ɗinkin kafaɗa. Ta ce hannun ya yi tsawo, sai an rage, a nemo mata allura da baƙin zare kafin shaguna su rufe.