Injin da Aka Wanke da Omo

Ranar Litinin da muka koma makaranta bayan dogon hutu, tun kafin in sa makulli a ƙofar ɗakin injuna warin fenti ya tare ni. Ban kawo komai a raina ba. Tun daga bakin get na ga an shafa wa gindin darbejiyoyi farin fenti, har duwatsun gefen hanya ba su tsira ba. A cikin hutun aka kawo mana sabon shugaban makaranta, Malam Abdulnasir, kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san sabon shugaba da fenti yake fara gaisawa da mutane.

Sunana Ya'akubu, shekarata goma sha tara ina koyar da sassaƙar ƙarfe a wannan makarantar koyon sana'a. Injin sassaƙa ɗaya ya rage mana mai aiki. Da uku ne, ambaliyar da ta ci garin nan ta kashe biyu. Na ukun ni da ɗalibaina muka yi wata huɗu muna kwance shi, muna zaƙulo laka da tsinken tsintsiya da tsohon buroshin goge baki, har Allah ya sa ya tashi. A kansa yara goma sha ɗaya 'yan ajin ƙarshe za su yi jarrabawar aikin hannu bana. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: sashen da ba shi da inji mai aiki ko guda, ba a yi wa ɗalibansa rajistar jarrabawa. Ranar Alhamis ta wannan makon masu duba makarantu za su zo su gani su sa hannu.

Dogon hutu a cikin damina yake faɗowa, ƙarfe kuwa ba ya shiri da damina. Saboda haka kowace shekara, ranar da za a rufe makaranta, nakan lafta wa injin giris a duk inda ƙarfe yake tsirara, musamman dogayen layukan nan biyu da kan injin yake zamewa a kansu, sannan in rufe shi da buhuna. Ba shi da kyan gani, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Amma idan aka dawo aka goge da kananzir, sai ka ga fuskarka a jikin ƙarfen. Haka malamina ya koya mini, haka na yi bana ma.

Da na buɗe ƙofa sai na tsaya cak. Injin kore shar, tun daga sama har ƙasa. Layukan nan biyu da ko ƙura ba na bari ta kwana a kansu, an yi musu fenti. Bakin da ke riƙe ƙarfe, an yi masa fenti. Lambobin awo da ke jikin hannuwan juyawa, waɗanda da su yaro yake gane ya cire rabin milimita ko ya wuce, duk sun nutse a cikin kore. Na kama hannun da ke tura kan injin na murɗa, ko motsi bai yi ba. Na sa farce na kankare gefe ɗaya, sai ga jar tsatsa a ƙarƙashi.

Baba Kashim maigadi ne ya ba ni labarin, bayan ya gama yi mini gaisuwar Barebari, wushe wushe, kamar ba abin da ya faru. Wai sabon shugaba ya zagaya makaranta a makonsa na farko, ya sa aka buɗe masa ɗakin da makullin ofis, ya ɗaga buhu ya ga giris, ya ce bai taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Ya sa leburori suka kawo omo da soso da bokitai, suka wanke injin tas kamar motar ango, suka ja ƙofa suka kulle da ruwan a jikinsa. Bayan sati uku aka buɗe aka tarar ya yi ja. Shi ne aka kira mai fentin da ke yin darbejiyoyi aka ce ya biyo ta nan. Baba Kashim ya ce shi dai ya faɗa musu Malam Ya'akubu ba ya son a taɓa masa kaya, aka ce masa aikinsa get ne.

Ban tsaya taron safe ba. Ina jin ana yi wa sababbin ɗalibai barka da zuwa, na wuce ofis na zauna ina jira. Da Malam Abdulnasir ya shigo, na gaishe shi a taƙaice na faɗa masa abin da ya aikata. Mutum ne mai fara'a da tsafta, daga makarantar kwana aka ɗauko shi inda ya yi shekara ashirin yana koyar da Turanci, ban jin ya taɓa riƙe sifana. Na ɗauka zai ce a yi haƙuri. Sai ya gyara hula ya ce ai ya yi tsammanin godiya zan zo yi.

Na ce masa yau ɗin nan zan fara kankare fentin, don kowace rana tsatsa ƙara cin ƙarfen take yi. Ya ce ban isa ba sai bayan Alhamis. Ya ce shi ya san masu dubawa, a bakin ƙofa suke tsayawa, su ga ɗaki fes, su ɗauki hoto, su sa hannu, su wuce wurin lemo. Idan suka tarar da inji a warwatse a ƙasa kuwa, sun ga dalilin tambaya ke nan.

"Ka bar shi yadda yake, Malam Ya'akubu. Su sa hannu tukuna, daga Juma'a ka yi duk abin da ka ga dama."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a nan ɗin gaskiya ya faɗa. Kwana uku ba za su ishe ni in tada injin ba, amma wata biyu za su isa, jarrabawa kuma da sauran lokaci. Idan aka sa hannu, yarana sun tsira. Abin da ake nema a wurina kawai in rufe bakina na kwana huɗu, ni da a gidanmu a unguwar Limanti tun ina yaro aka san ba na iya haɗiye magana.

Da 'yan ajin ƙarshe suka shigo suka ga injin, ba wanda ya yi dariya. Raudatu ce ta fara matsawa kusa. Ita ce ta fi kowa hannu a ajin, 'yar unguwar Gwange ce, mahaifinta gyaran injin markaɗe yake yi, kuma ya ƙwallafa rai a kan ranar da za ta riƙa sassaƙa masa ƙarafan da yake yawon nema a kasuwa. Ta shafa layin da yatsa, ta dubi yatsan, ta dube ni. Na yi musu bayani yadda ake ciki, ban rage komai ba. Suka ce sun yarda, za su zo ranar Asabar da Lahadi ma a yi kankara in dai an wuce Alhamis lafiya. Raudatu ta ce don Allah Malam a daure. Na ce mata ni ba yaro ba ne.

Talata da Laraba a kan allo na koyar. Ina zana yadda ake saita wuƙar sassaƙa, injin yana bayana yana ƙyalli, yara 'yan ajin farko suna leƙowa ta taga suna cewa an sayo sabo. Malaman sashen gini da na lantarki suka riƙa tsokanata a ɗakin malamai, wai in ba su aron mai fentina. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Abinci ma ban iya ci sosai ba a kwana biyun nan.

Ranar Alhamis aka tada janareta tun da safe don baƙi su ga fitilu da fanka suna aiki. Wajen ƙarfe sha ɗaya suka iso ɗakin injuna, su uku, shugabarsu wata mata mai suna Madam Phebe, da takardu a hannunta. Yarana suna tsaye a layi cikin rigunan aiki wankakku. Komai ya tafi yadda Malam Abdulnasir ya faɗa. Suka tsaya a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗauki hoto, Madam Phebe ta tambayi yawan ɗalibai na faɗa mata, ta ɗora takardar a kan teburina ta cire murfin biro.

Da shugaba ya yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma bai iya ba. Ya matso yana murmushi ya fara ba su labari. Wai lokacin da ya zo, ya tarar da ɗakin nan kamar juji, injin gwamnati an bar shi cikin baƙin datti an lulluɓe da buhuna, ba mai kula. Wai wasu ma'aikatan in sun daɗe a wuri sai ido ya saba da ƙazanta, sai an sami wanda zai zo ya nuna musu. Bai ambaci sunana ba, amma ya juyo ya dafa kafaɗata, ya ce yanzu dai Malam ya ga yadda ake riƙe kaya.

A gaban ɗalibaina ya faɗi wannan. A gaban yaran da suka ga yatsuna sun tsattsage a kan injin nan. Na ga Raudatu tana girgiza mini kai a hankali, na gan ta sarai, ba zan ce ban gani ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda kai ka gyara shi, zo ka murɗa wannan hannun baƙi su gani."

Malam Abdulnasir ya yi wata 'yar dariya ya ce lokaci ya ƙure, akwai sauran sassa. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. Na faɗi giris, na faɗi omo, na faɗi sati ukun da aka kulle injin da ruwa, na faɗi mai fentin darbejiya. Na ce wanda bai san bambancin giris da datti ba bai kamata a ba shi makullin makarantar sana'a ba. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ganin fuskarsa ta sauya, murmushin ya rasa inda zai tsaya, na ji sanyi a ƙirjina irin wanda rabona da shi tun Litinin.

Madam Phebe ta mayar da murfin biro. Ta tako har gaban injin, ta kama hannun ta murɗa, ya ƙi. Ta ciro makullin motarta ta kankare layin, ta daɗe tana kallon abin da ya fito. Daga yadda ta duƙa ta leƙa ƙarƙashi na gane ta san aikin, ba yau ta fara ganin inji ba. Wataƙila ma tun daga bakin ƙofa ta gane, ta zaɓi kada ta matso.

Ta miƙe ta ce da ni, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malam, abin da na gani da idona ba zan iya sa hannu in ce ban gani ba."

Nan take daɗin ya gudu. Na bi ta har mota ina roƙo. Na ce ta ba ni wata ɗaya, na ce sati biyu, na ce zan kwana a ɗakin. Ta ce ta yarda zan iya tada shi, amma gobe Juma'a ake rufe sunayen sassan da za a yi wa rajista, zagaye na gaba kuma sai baɗi. Ta ce za ta rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, kowa ya ɗauki nasa. Na tsaya a rana ina kallon motar har ta fita get.

Washegari Malam Abdulnasir ya aiko masinja da takarda mai layi uku. Ɗaliban ajin ƙarshe na sashen sassaƙa su zaɓi ɗaya: ko su jira baɗi su maimaita shekara, ko su koma wani sashen su haɗu da 'yan aji biyu. An ce in karanta musu, in mayar da sunaye kafin a tafi masallaci.

Har yanzu ina jin haushin mutumin nan, kuma ko gobe aka tambaye ni zan ce shi ya kashe injin. Malaman da suka ji labari suka riƙa zuwa suna cewa na yi daidai, wai na faɗa masa abin da kowa ke tsoron faɗa. Ba ɗayansu da aka ba takarda ya karanta wa yara.

Na same su a ɗakin injuna, su goma sha ɗaya, wasu ma sun zo da ƙyallaye da kwalaben kananzir, ba su jira Asabar ba. Na karanta takardar sau ɗaya. Sai na tsinci kaina ina yi musu bayani, ina cewa sun dai ji abin da ya faɗa a kaina, sun san ƙarya ce, sun san ba mai jure wannan. Raudatu ta bari har na gama, ta ajiye kwalbar da ke hannunta a ƙasa.

"Gaskiyarka ce, Malam, duk mun sani," ta ce. "To ni me zan je in faɗa wa babana?"