Buhun Ƙyallaye a Ƙarshen Lungu

Bakan bai bar gidan ba. Kibiyar ta shiga buhun, ta nutse kamar tsawon yatsa, ta tsaya cak.

Tela ce ta harba ta, ranar Asabar da hantsi, a lungun da ya tashi daga ƙofar falo ya ƙare a kicin. Shaidu biyu ne: mijinta, direban babbar mota, da mahaifiyarsa, wadda ta jawo kujera ta zauna can bayan labule.

Asalin maganar ruwan sama ne. Ya cinye filin da ƙungiyarsu ta wasan harbin kibiya ke atisaye, ga gwajin zaɓen 'yan wasa ya matso. Tela ta ce ba za ta naɗe hannu ba. Ta samo buhun shinkafa, ta kwaso ƙyallayen shagonta, ta cire zik da maɓallai don kada su karya mata tsinin kibiya. Sannan ta yi abin da hannunta ya saba: ta ninke kowane ƙyalle tsaf, ta jera su kamar kayan kwastoma. Kibiyar farko ta bi tsakanin ninki, ta fita ta baya, ta huda ƙofar firij.

"Sarauniyar baka," in ji mijin, yana leƙa ramin. "Kin kashe firij, sai a kawo wuƙa a yanka." Ya daina dariya. "In kibiya ta sake wucewa, bakan nan ya bar gidan nan. Na gama magana."

"Ka gama taka, Baban yara. Tawa ban fara ba."

Ta farke buhun. Ta gane ninkin ne ya ci amanarta: ƙyalle mai ladabi ba ya riƙe kibiya, sai yamutsattse, wanda zai nannaɗe tsinin ya shaƙe shi. Ta dunƙule, ta cusa, ta hau da ƙafa ta tattake, ta ƙara cusawa. Ta ɗinke bakin da basilla, ta zana da'ira da allin ɗinki.

"'Yar nan," surukar ta ce daga bayan labule, "me buhun ya yi miki?"

"Shi ba komai, Inna. Ɗanki ne."

"To, harba. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Mijin ya tsaya ya harɗe hannu, amma sai da ya ja firij gefe tukuna. Tela ta ɗana kibiya, ta ja tsirkiya har gefen bakinta, ta saki. Buhun ya ɗan girgiza. Mijin ya je ya shafa bayansa, ya shafa bango, ya sake shafawa. Ba huda.

"Sa'a ce," ya ce.

Ta sake ɗanawa. Ya yi tsalle ya bar wurin. Ta biyu ta tsaya kusa da ta farko.

Tun ranar take harbi kowace safiya kafin ta buɗe shago. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ƙyallayen ba su isa cika buhun ba, kuma abin da ke tsakiyarsa, daidai ƙarƙashin da'irar, rigar sanyin mijin ce mai kauri, wadda yake tuƙi da ita. Litinin mai zuwa zai yi doguwar tafiya. Bai nemi rigar ba tukuna.