Agogon Maigadi

"Ɗauke hannunka daga soket ɗin nan!" na daka wa maƙwabcinmu Direba tsawa tun daga kan matattakala.

Ya juyo yana kallona da ɗan murmushin mai laifi. "Haba Tela, sau uku kacal na kashe na kunna. Ko mota in ta ƙi tashi ai haka ake mata."

"To wannan ba motarka ba ce. Matsa."

Ya matsa. Na durƙusa a ƙofar ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matattakala na leƙa. Tsohuwar kwamfutar na nan kan kantarta, fankarta na gurnani, fitilu duk kore, wayoyi shuɗɗa jere da 'yan takardun da aka liƙa musu. Komai lafiya a ido. Amma tun safe da wuta ta dawo bayan kwana biyu, babu wanda ya iya buɗe ko shafin intanet ɗaya a gidan nan.

Gidan hayarmu hawa biyu ne, iyali tara, kuma an gina shi a wani kwari bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya. Sabis ɗin waya ba ya shigo mana sai ya ga dama. In kana son a ji muryarka sosai, sai ka taka har bakin babban titi. Shi ya sa, shekaru da yawa da suka wuce, Baba Injiniya na ɗakin ƙasa, wanda ya yi ritaya daga aikin tarho, ya tsinto wata kwamfuta da wani ofis ya zubar, ya ƙara mata katin haɗa wayoyi, ya ɗora mata wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya duba ya gyara. Ya kafa farantin kamo intanet a kan rufi, ya ja waya zuwa kowane ɗaki. Yara masu boko suna ce mata fayawol, wani lokaci su ce rauta. Shi dai Baba, sunan da yake kiranta da shi Maigadi, domin ita ke duba mai shiga da mai fita, mu ma muka bi shi a haka.

Da wata rana ce da ban damu ba. Amma Baba yana kwance. Asibiti sun sallamo shi mako guda da ya wuce, irin sallamar da ba a yi wa kowa bayaninta ba kuma kowa ya gane. 'Yarsa ɗaya tilo da ta rage, wadda har yau muke ce wa Auta, tana wata ƙasa mai nisa, ta haihu kwana huɗu da suka wuce, an yi mata aiki, ko tsayuwa sosai ba ta yi balle tafiya. Jiya Direba ya je bakin titi ya sauko da hoton jaririn a wayarsa ya kawo. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa masa wayar.

"Hoto ba ya kuka," ya ce. "Ina so in ji shi. Shi ma ya ji ni."

Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ja ni gefe da safe ta ce kada mu saka rai da jibi.

Na shiga ɗakin Baba na tarar da Gwaggo, ƙanwarsa da ta zo jinya, tana goga masa ruwa a leɓe da auduga. Ta ga kwamfutarsa ta hannu a hammatata, nan take ta haɗe rai.

"Ke Tela, ba ki da tausayi ne? Mutum na fama da numfashi ki kawo masa aiki?"

"Gwaggo, Auta na can riƙe da waya tun ƙarfe tara."

"To a kira mai gyara mana!"

"Mai gyaran kenan a kwance," in ji Baba, idonsa a rufe. Muryar ta zama siririya, amma tsokanar na nan. "Bar ta ta zauna. Tela, kin tuna karatunki?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Wallahi Baba rabi ya zube," na ce.

Ni ɗinki na sani. Amma ƙofata ce ke kallon tasa, kuma tun da idonsa ya fara rauni ya maishe ni ɗalibarsa ba tare da ya nemi izinina ba. Ina tsaka da yankan yadi zai ƙwanƙwasa, "Tela, zo ki karanta min wannan layin." In yi ta mita, ya yi kamar bai ji ba. Sau nawa na ce masa ni ba a haife ni don in yi wa inji gadi ba? Sai ya ce mai iya bin zare har ta gano inda ya harɗe, waya ba za ta gagare ta ba. Ranar nan, zaune a bakin gadonsa, na yi nadamar kowace mita da na taɓa yi.

"Daga ƙasa ake farawa," ya ce. "Faɗi."

"Wuta, waya, lamba, suna."

"Ashe rabin kirki ne ya rage. Wuta?"

"Akwai."

"Waya?"

"Duk a soke, fitilu kore."

"To shiga wurin Maigadi."

Na rubuta lambar Maigadi, shafinsa ya buɗe yana neman kalmar sirri. Baba ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa ya raɗa min. Wata magana ce da marigayiya matarsa ke yawan yi masa in ya daɗe a ƙarƙashin matattakala. Ba zan faɗe ta ba, don har yau ita ce.

Ya sa na fara duba dokoki, ko wani ya taɓa. Jeri ne mai tsawo, daga sama zuwa ƙasa, kuma Baba bai taɓa kafa doka bai rubuta dalilinta a gefe ba. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma mafi yawan tsagar mai gida ne ke yin ta ya manta. Ina karantawa da ƙarfi, tarihin gidanmu na wucewa ta gabana. "Yaran Direba, a rufe musu wasa lokacin jarrabawa." Yaran nan babbansu yanzu har ya yi gemu. "Tela, kada a rage mata gudu ranar Alhamis, tana tura wa masu kaya hotuna." Ban taɓa sanin da wannan ba. "Malamar sama, a bar mata hanyar makarantarsu." Malamar ta tashi daga gidan shekara shida kenan, amma bai goge ba, kashe dokar kawai ya yi. Sai da na tsaya na share hanci.

"Kuka za ki yi ko aiki?" ya tambaya.

"Mura ce."

"To. Babu wanda ya taɓa dokoki. Ƙwanƙwasa lamba."

Ya karanto min wata lamba daga ka, ta wata na'ura da ke can waje, na sa Maigadi ya ƙwanƙwasa mata. Amsa ta dawo layi bayan layi.

"Tana amsawa, Baba!"

"Hanya a buɗe take kenan. Yanzu ƙwanƙwasa da suna."

Na rubuta sunan wani shafi. Shiru. Na sake da wani. Shiru.

Tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta tallabo kansa tana harara ta, ni kuma na zauna ina jin haushin kaina da na injin da na Direba da ke tsaye bakin ƙofa yana cewa a gwada cire waya a hura. Ya ɗauki lokaci kafin numfashin ya daidaita. Na ɗauka barci ya kwashe shi, sai na ji ya ce, "Littafi. Buɗe littafinsa."

Yana nufin inda Maigadi ke rubuta duk abin da ya faru. Na buɗe. Turanci ne cunkus, layi ɗaya na ta maimaita kansa, wai an ƙi amsa.

"Bar Turancin. Farkon layi, kwanan wata. Me ya ce?"

"Ɗaya ga Janairu." Na tsaya. Muna tsakiyar shekara. Na duba sama inda yake nuna cikakken lokaci, na karanta masa shekarar. Shekara goma sha shida baya.

Baba ya yi wata 'yar dariya da ta fi kama da huci. "Batirin agogo. Ɗan ƙarami, kamar kwabo. Shekara biyu ina cewa zan canza."

Ya yi min bayani a gutsure, yana hutawa tsakanin kalmomi. Muddin akwai wuta Maigadi na riƙe da lokaci. Da babban batirin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta ya ƙare a wannan dogon ɗaukewar, Maigadi ya mutu gaba ɗaya, da ya farka sai ya koma ranar da aka ƙera shi. Shi kuma an koya masa kada ya karɓi amsar suna sai ya duba hatiminta, kuma kowane hatimi na da kwanan wata. A lissafinsa duk hatiman na shekarun da ba su zo ba ne, sai ya ce ƙarya ne. Ga shi ba zai iya tambayar lokaci a waje ba sai da suna, kuma ba zai yarda da suna ba sai da lokaci.

"In kuma aka kashe aka kunna," ya ƙara, "ya sake komawa ɗaya ga Janairu."

Direba ya sulale daga bakin ƙofa. Na bi shi da murya na ce ya wuce shagon masu agogo ya sayo batir, ya ce ai dama can zai je.

"Faɗa min abin da zan rubuta, Baba."

Ya buɗe ido yana kallon silin. "Sake faɗin shekarar."

Na faɗa.

"Shekarar nan," ya ce a hankali, "uwar Auta na nan. Ga kekenta na saƙa can jikin taga. Auta na aji uku, kullum sai an yi faɗa kan takalmin makaranta. Gwaggo, kin tuna lokacin da rufin nan ke yoyo muka jera bokitai bakwai?"

"Takwas," in ji Gwaggo, muryarta ta canza. "Har da tukunyata da kuka ƙi mayar min."

"Ke kuma Tela ba ki ma zo ba."

"Na zo, Baba. Da wata biyu. Kai ka kama min kan keken ɗinkina muka shiga da shi."

"Haka ne. Kika ce na karce miki fenti."

"Ka karce kuwa."

Baba ya ci gaba da kallon silin. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi. Ina tunanin Auta da waya a hannu, ina tunanin maganar nas, amma na kasa buɗe baki in katse shi. Na ga fuskarsa ta sake, irin sakewar da rabona da gani tun kafin ciwon. Gaskiya ni ma da za a bar ni, da na ɗan ƙara zama a wannan shekarar.

Shi ne ya juyo da kansa. "To, ya isa. Dawo da shi yau. A can ba ni da jika."

Ya faɗa ina rubutawa: shekara, wata, rana, awa, minti, duk a manne ba tazara. Na karanta masa sau biyu kafin na danna. Ya sa na sake tayar da sashen da ke kula da sunaye, sannan na ƙwanƙwasa da suna. Amsa ta dawo. Kafin in yi magana, wayar Gwaggo da tawa suka hau ƙara a tare, daga hawan sama kuma wani ya yi ihun murna.

"Ki rubuta dalili a littafin da ke kan kanta," ya ce. "Batir kuma sai an gama waya. Kada Direba ya taɓa."

Na jingina kwamfutar da filo a kan cikinsa, na danna kiran bidiyo. Auta ta ɗauka tun kafin ƙara ta biyu, fuskarta a kumbure, ta ce "Baba" sau ɗaya ta kasa ci gaba. Sai ta ɗago jaririn. Ɗan mitsitsi ne, ja, ransa a ɓace don an tashe shi, ya buɗe baki ya tsala kuka har sifikar na rawa.

"Yauwa," in ji Baba. "Yauwa. Ka ji murya. Sannu da zuwa, abokina."

Ya yi masa addu'a, rabinta ba mu ji ba. Ya tambayi Auta ko tana cin abinci. Ta ce tana ci, ya ce ƙarya take, kamar uwarta.

Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa, Gwaggo na riƙe da hannunsa. Na yi kuka sosai, ban kuma ce mura ba ce.

Amma ba hantsin nan nake yawan tunawa ba. Bayan azahar ta ranar wayar na leƙo in ɗauke kwamfutar, na tarar Auta ba ta kashe ba. Ta ajiye wayarta a gefen gadon jaririn ta koma ta kwanta. Gwaggo ta ɗora yatsa a baki ta nuna min kujera. Baba na barci a nan, kansa ya karkata wajen allon, jaririn na barci a can, hannunsa ɗaya a dunƙule kusa da kunne. Na zauna a hankali ina sauraron numfashinsu, ɗaya gajere mai sauri, ɗaya dogo mai jinkiri.