Abarshi Mai Amalanke Ya Shiga Intanet

Nazifa ta yi wata uku a Birnin Konni tana koyon haɗa shafukan intanet a wata ƙaramar cibiya da ke bayan tasha. Da horon ya zo ƙarshe, malaminsu ya ce kowa ya koma garinsu ya nemi mai ƙaramar sana'a, ya yi masa shafi ɗaya tak, da hoto da ɗan bayani da lambar waya. In an gama a tura cikin gurup ɗinsu na WhatsApp, ƴan aji su duba su faɗi inda za a gyara.

Ba ta sha wahalar nema ba. Ƙanen mahaifiyarta, Kawu Abarshi, maƙerin amalanken jaki ne a Alela. Shekara ashirin da biyu ke nan yana walda a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya, kuma duk wanda ya sayi amalankensa ba ya komowa sai dai canjin taya.

"Kawu, za ni saka ka cikin intanet," in ji ta.

Ya ɗaga abin kare ido daga fuskarsa. "In na shiga, wa za shi tsare mani rumfa?"

"Kana nan zaune, Kawu. Mutane za su gan ka daga Malbaza, har Sakkwato."

"In sunka gan ni, mi za su yi mani?"

"Su sai amalanke."

"To, ɗiyata, saka ni."

Ta ɗauki hoton wani sabon amalanke mai shuɗin fenti, ta rubuta sunan kawun da sana'arsa da lambarsa, ta tura. Ba a yi minti goma ba Imrana ya amsa. Shi ne ya fi kowa maki a ajinsu, kuma ba ya rubutu, sai saƙon murya mai tsawo. Ya ce shafin ba rai, amalanken na tsaye shi kaɗai kamar an manta da shi a kasuwa, a sa abu mai numfashi. Ya ce kuma kalmomi sun yi yawa, mutanen yanzu ba su karatu, a bar suna kawai da manyan baƙaƙe.

Ummul-Khairi, ƙawarta da suke zama benci ɗaya, ta ce mai saye na son ya san ƙarfin kaya, a rubuta shekara nawa da buhu nawa. Ta ce kuma maɓallin nan na "Tuntuɓe mu" ya yi sanyi, a mai da shi "Saye shi yanzu".

Nazifa ba ta iya ƙin maganar mutum ba. Duk ta ɗauka. Ta aro jakin maƙwabcinsu Yari, aka ɗaura masa amalanken. Jakin ya ƙi tsayawa. Duk lokacin da ta ɗaga salula sai ya miƙo wuya yana sansana ta. Cikin hoto talatin da ta ɗauka, ɗaya ne ya fita tsaf, shi ma fuskar jakin ce ta cika shi, ba abin da ake gani na amalanke sai gefen taya ɗaya. Ta sa shi hakanan. A sama ta rubuta ABARSHI da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma: "Shekara 22 yana aiki a Alela. Buhun siminti sha biyu ba ya ko gezau." Daga ƙarshe sai maɓalli mai jan launi da ke cewa "Saye shi yanzu".

Ƴan gurup suka yi ta turo alamar tafi. Imrana ya ce yanzu ne shafi ya zama shafi, ya watsa shi cikin gurup ɗin direbobi da na ƴan kasuwa da yake ciki.

Kashegari da hantsi salular Kawu ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Maman Sani ne daga Malbaza, ina jigilar siminti. Kan maganar Abarshi nika kira."

"To, ina jin ka."

"Lahiyarshi lau dai?"

"Lahiya lau, sai ɗan ciwon baya in anka yi sanyi."

"Shina cin abinci sosai?"

"Abin da anka samu dai."

"Haƙora hwa?"

Kawu ya zagaya bakinsa da harshe. "Biyu sun hita ta baya."

"Ba komi, shekaru ne. Shina shuri?"

"Wa za ni shura, malam?"

"Ba kai ba, Alhaji. Abarshin."

"Ni ne Abarshin!"

Can sai Maman Sani ya ce a hankali, "To shi jakin, mi sunanshi?"

Kafin la'asar an kira sau bakwai. Wata mata ta tambaya ko ana ba da shi haya na sati ɗaya, tana da ɗibar ruwan gini. Labari ya zagaya Alela. Matasan da ke shan shayi a bakin titi suka koma gai da jakin Yari da sunan Abarshi in ya wuce. Shi kuwa Yari sai ya daina ɗaura masa kaya, ya wanke shi da sabulu, ya ce dabbar da aka sani har Sakkwato ba ta ja masa taki zuwa gona.

Kawu bai yi faɗa ba, abin da ya fi damun Nazifa ke nan. Ya ture kwanon tuwo gefe, ya ce, "Ɗiyata, shekara hamsin da takwas ina riƙe da sunan ga ni kaɗai cikin unguwar ga."

Idonta ya cika da ƙwalla. Ta ba shi haƙuri, ta cire jakin nan take. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ɗauke shi hoto cikin babbar rigarsa. Ta ce ya yi murmushi, ya ce shi ba ɗan wasa ba ne, ya ɗaure fuska yana kallon nesa. Ta tura wa gurup, ta ce don Allah a duba da kyau, wannan karon ba ta son kuskure.

Imrana ya ce launin rigar na faɗa da launin bango, a mai da hoton baƙi da fari, bayan shafin kuma baƙi wuluk, haka manyan kamfanoni ke yi. Ya ce a cire "Saye shi yanzu" tunda ya jawo fitina, a sa abin da zai nuna wa mutane inda za su je. Ummul-Khairi ta ce a sa shekarar da ya fara aiki da ta bana don a ga ya daɗe, kuma a nemo shaidar wani da ya taɓa hulɗa da shi.

Nazifa ta je wurin Yari neman shaida. Yari, wanda ke jin nauyin abin da jakinsa ya jawo, ya zage ya yabi maƙwabcinsa. Ta rubuta yadda ya faɗa, ba ta rage ko kalma ba. Shafin ya fito da fuskar Kawu ba launi a kan baƙin bango. A ƙarƙashi: "ABARSHI, 2002–2024. Mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba. Allah ya saka masa da alheri." Maɓallin kuma ya ce: "Ku zo gidansa a Alela."

Imrana ya sake watsawa.

Ranar Lahadi da safe Kawu na kwance ƙarƙashin wani amalanke yana liƙe ƙarfe, sai ga mota cike da mutane ta tsaya a gaban rumfa, baburan kabu-kabu uku na biye da ita. Ta farkon da ta sauko Balaraba ce, yayar Kawu da ke aure a Malbaza, mayafinta ya jiƙe da hawaye. An kira salularsa tun jiya ba ta shiga, don ya kashe ta tun ranar masu tambayar haƙora. Maza suka sauke buhun shinkafa da goro, suka fara neman inda aka shimfiɗa tabarmi.

Kawu ya ji hayaniya, ya jawo jiki ya fito, ya ɗaga abin kare ido.

"Yaya? Lahiya?"

Balaraba ta ƙwalla ƙara, ta koma cikin mota ta rufe ƙofa. Wani tsoho ya yar da sandarsa yana salati. Sai da Nazifa ta fito da gudu, ta riƙe hannun Kawu ta ɗaga sama kowa ya gani, kana aka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya ana taɓa shi.

Wani dogon mutum ya durƙusa gabansa. "Ni ne Maman Sani, Alhaji. Da nig ga hoton nan sai hankalina ya tashi, na ce na ci mutuncin bawan Allah ban roƙi gahwara ba. Shi ya sa niz zo."

"Na yahe maka," in ji Kawu. "Amma ba ku ga shekarun ba? Ni na yi kama da ɗan shekara ashirin da biyu?"

"Mun gani. Mun ce wahalar walda ce."

Tunda an riga an zo, aka shimfiɗa tabarmin. Limamin da suka taho da shi ya ce ba zai koma da addu'arsa ba, ya juya ta ta zama ta neman tsawon rai. Aka dafa shinkafar, aka ci. Maman Sani ya zagaya rumfa yana girgiza tayoyi, ya hau wani amalanke ya yi tsalle a kai sau uku, ya sauko ya ce a ƙera masa biyu.

Da yamma Kawu ya kira Nazifa, ya ce ta nuna masa shafin. Sai a lokacin ta tuna tun da aka fara bai taɓa ganinsa ba. Ya riƙe salular nesa da ido, ya daɗe yana kallon kansa.

"Wallahi ni ma da na gani, da na zo," in ji shi. "Share duka. Rubuta abin da za ni hwaɗa maki."

Ta rubuta: "Abarshi mutum ne, yana nan da ransa, yana ƙera amalanke a Alela." Ta tura wa malaminsu kai tsaye, ba ta bi ta gurup ba. Ya ba ta sha huɗu bisa ashirin, ya ce baƙaƙen sun yi ƙanana.

Baƙi suka koma Malbaza kafin magariba, ban da Balaraba. Ta ce ta riga ta gaya wa maigidanta sai bayan sadakar bakwai, ba za ta koma ta canza magana ba. Ta yi kwana bakwai cif a ɗakin mahaifiyar Nazifa, kuma kowace safiya sai ta leƙa rumfa ta yi wa ƙanenta faɗa a kan ba ya sa hula in yana aiki cikin rana.