Kujerar Dogo

Tun da likita ya ce zuciyata ta gama da sama, aka ba ni aiki a cikin akwati. Akwatin kuwa na'urar gwajin matuƙa jirgin sama ce: ɗaki ne sak kan jirgi, a bisa ƙafafun ƙarfe, yana karkata yana girgiza, amma ko taku ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Matuƙa biyu a gaba, ni a baya. Aikina in danno musu masifa, gobarar inji ko hadari, in ga yadda za su yi. Ƙeyar mutane nake kallo yini guda, don ba mai waiwayen mai jarrabawa.

Abokina ɗaya ne, Dogo. Tare muka fara tuƙi, kuma tun rasuwar matata shi kaɗai ke buga mini ƙofa. Yara sun yi nisa, gaisuwarsu ta waya ce. Duk ranar hutunsa sai ya zo mu sha shayi, ya cinye ni a karta, yana kirana Mai Akwati.

Ranar jarrabawarsa ya shigo yana tsokanata, ya tura kujerar hagu baya har ƙarshe saboda zara-zaran ƙafafunsa, ya ce in tausaya wa tsoho. Muna tashi na sa wa injin dama wuta. Ƙararrawa ta ɗauka. Hannun Dogo ya yi ta lalube, sannan ya kashe injin hagu, mai lafiyar. Mataimakinsa ya yi magana, bai ji ba. Gilashin gaba ya koma ja, alamar mun faɗi, akwatin ya tsaya cak.

Doka ta yarda a maimaita, na maimaita. Wannan karon ya gano injin, amma sai da ƙasa ta riga ta taso mana.

Mataimakin ya ce zai je shan ruwa, ya bar mu. Nan Dogo ya waiwayo. Ban taɓa kewar ƙeyar mutum irin ta ranar ba.

"Mai Akwati, daga ni sai kai," ya ce a hankali.

Maɓallin share sakamakon na ƙarƙashin yatsana. Na tuna gidana, inda agogo kaɗai ke magana, tsoro ya kama ni. Amma jibi mutane ne za su zauna a bayansa da goyonsu, kuma jirgin gaske ba a maimaita shi.

"Ba ka ci ba, Dogo."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki hularsa, ya miƙo mini hannu kamar baƙo.

"Na gode, Kyaftin."

Bai taɓa kirana haka ba. Nan na san ranar hutu kofi ɗaya zan wanke.

Bayan fitarsa na mayar da kowane maɓalli wurinsa, amma na kasa taɓa kujerar. Can sai masu jarrabawa na gaba suka shigo. Wata 'yar gajeriyar matuƙiya ta zauna a hagu, ƙafarta ba ta kai ba, ta jawo kujerar gaba ƙarau, ta ɗaura bel.

"Mu fara, Kyaftin?" ta ce, ba ta waiwayo ba.