Dutsen Kabarin Kaka Opal

Tun ranar da aka binne mijinta Kaka Opal ta sa aka sassaƙa sunanta a dutsen kabari kusa da nasa, yadda matan tsaunukanmu na Kentucky ke yi. Mai sassaƙar, don iya yi, har ya rubuta 19 a gurbin shekarar mutuwa, ya bar lambobi biyu don gaba. Sai tsohuwa ta ƙi mutuwa. Ƙarnin ya ƙare ya bar ta, yanzu shekarunta casa'in da bakwai. Ubanta ya yi saba'in, ita ta ɗara shi, aka ce mu ma za mu ɗara ta. Ina! 'Ya'yanta biyar babu wanda ya kai sittin da biyar, mu jikoki kuwa ƙwaya ke ɗauke mu ɗai-ɗai. Ni da ƙanena Harlan kaɗai muka rage, kuma gurbin Kaka kaɗai ya rage a maƙabartar gidanmu.

Ranar gyaran kaburbura, a watan Mayu, muka hau tudu da furanni da soyayyar kaza. Ina cikin share ciyawa na hango Virgil, maƙwabcinmu mai sayar da ƙwaya, yana cusa wa Harlan wani abu a aljihu. A bayan kabarin yayarmu, wadda ƙwayarsa ta kashe bara.

Ban san sanda na ɗaga shebur ba. Na maka wa Virgil a baki, haƙora biyu suka faɗa cikin ciyawa. Ya durƙusa, na ƙara masa a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas.

"Darlene, kin haukace ne?" in ji Virgil, jini na zuba a rigarsa. "Gaisuwa fa na zo yi!"

"Ubanka za ka gaisar! A kan kabarinta, ɗan iska?"

"Ƙara masa, 'yar nan!" Kaka ta ɗaga murya daga keken guragunta. "Da hannu biyu ake riƙe shebur!"

Na ɗaga na uku, sai aka shaƙe ni ta baya. Harlan ne, wanda na yi rainonsa tun yana rarrafe. Ya buga kaina da dutsen Kaka sau biyu, har jinina ya cika haruffan sunanta. Abin da ya fi ci min rai, hannunsa ɗaya na wuyana, ɗayan yana dafe da aljihu kada kayan su zube.

"Yaya, ki ƙyale ni," ya ce yana kuka. "Don Allah ki ƙyale ni." Ya tallafi Virgil ya kai shi mota.

Na kuwa ƙyale shi. Fushi nake, kwana tara ban kira shi ba, kuma har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. A na goma aka tsinci gawarsa a banɗakin gidan mai.

Kaka ta ce a haƙa masa nata gurbin. Ranar jana'iza ta sa na tura ta gaban dutsen, ta karɓi guduma. Ta yi bugu uku, ko ƙwarzane babu. Ta miƙo min.

"Fasa sunan nan," ta ce.

Na yi ta duka har ya farfashe, ɓaraguzai suna yanka min hannu. Da na juyo, ta damƙe wuyan rigata, ta jawo ni har ina jin numfashinta.

"Ke kuma kada ki kuskura ki riga ni," ta ce. "Babu sauran wuri."