Kanta Ba Ƙusa

Allon tsakiya ne ya ƙi shiga. Sai-gobe ya juya shi, ya sake juyawa, ya hura bakin tsagar kamar mai hura gawayi, sannan ya ɗora tafin hannu ya danna. Ƙas! Allo ya zauna. Ya ja da baya a kan gwiwoyinsa yana kallon aikin, sai ka ce wanda ya gama gina gada.

Matarsa ce ta laƙa masa sunan, ya kuma bi shi har wurin aiki, inda yake kai wa mutane saƙo a kan babur. Famfo ya fara ɗiga, ya ce sai gobe. Sakatar ƙofa ta kwance, sai gobe. Goben ba ta taɓa zuwa ba. Wanda yake zuwa shi ne Yaya, wan matar, da jakar kayan aikinsa da murmushin nan nasa da ya fi zagi ciwo. Yaya ya ɗaura fanka, Yaya ya gyara makunnin fitila, har wata maƙwabciya ta fara yi masa "sannu da hidimar gida" a gaban mai gidan.

Tun da suka tare a ɗakin nan farantanta na tangaran suke cikin kwali a ƙarƙashin gado, don mai gidan haya ya ce duk wanda ya huda masa bango ya nemi wani wurin. Shi ya sa ta sayo kantar da ba ta bukatar ƙusa ko noti: alluna ne masu tsaga, wannan ya shiga bakin wancan, kowa ya riƙe ɗan uwansa.

Da safe, tana ɗaura ɗankwali za ta tafi shagon ɗinki, ta ce, "In na dawo na tarar da ita a kwali, Yaya zan kira."

"Kira shi ya zo ya sha kallo."

"Kallon kwali?"

Wannan maganar ce ta sa ya ajiye babur yau. Ba wai kantar ta dame shi ba. So yake a ce akwai abu ɗaya tak a ɗakinsa da in an nuna, ba za a ambaci sunan Yaya ba.

Da ya zazzage kwalin, a can ƙasa ya ga wani faffaɗan allo siriri, mai launin ƙasa, ba kauri ba kwarjini. Ya ɗauka irin abin da ake shimfiɗawa ne don kada kaya su karce. Tayil ɗin ɗakin kuwa yana cin gwiwa, sai ya jawo allon ya durƙusa a kai, yana yaba wa kamfani da suka san darajar gwiwar ma'aikaci.

Rana ta karkata lokacin da ya ɗora allon sama. Kanta ta miƙe, ta kai masa kafaɗa. Ya goge gumi, ya ɗan taɓa ta da yatsa don ban kwana da aiki.

Ta yi dama. Ta dawo hagu. A hankali, kamar fasinja mai gyangyaɗi a mota.

"A'a," in ji shi. "Kada mu yi haka da ke."

Ya tura ta jikin bango. Ta daina zuwa baya, amma rangajin gefe yana nan. Ya ninke guntun kwali ya cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ta koma rangaji ɗaya gefen. Ya bi kowace tsaga ya sake dannawa har tafinsa ya yi ja. Daga ƙarshe ya buɗe durowar kicin, inda Yaya ya taɓa barin 'yan ƙusoshi, ya kafa guda a gefen allo, ya ƙwala mata kwaɗon ƙofa. Bakin allon ya ruguje kamar biskit. Ya yi maza ya zare ƙusar, ya share garin da ƙafa ya tura ƙarƙashin gado.

Sai ga ƙarar takalminta a matattakala.

Ba shi da lokacin tunani. Ya jingina kafaɗa da gefen kantar, ya zura hannu ɗaya ta baya ya riƙe, ya harɗe ƙafa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a hannu. "Ikon Allah! Maigida, yau ce goben?"

"Ƙaramin aiki ne. Ko gumi ban yi ba."

"Wannan da ke bin wuyanka fa, raɓa ce?"

Ko mayafi ba ta cire ba, ta durƙusa ta jawo kwalayen daga ƙarƙashin gado. Fuskarta ta yi wani haske da rabonsa da gani tun ranar da suka karɓi makullin ɗakin. Tana goge faranti da bakin zane tana jerawa, manya a sama don a gani, kofuna a gaba. Duk wanda ta ɗora, sai ya ji shi a kafaɗarsa.

"Miƙo min wancan kwalin."

"Ɗauko dai. Bayana ya ɗan riƙe."

"To zauna mana."

"An ce yawan zama ba kyau."

Ta dube shi ta wutsiyar ido. Ta ɗora babban kwanon gilashi can sama. Hancinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya daure, ya daure, sai atishawa ta ƙwace. Kofuna suka amsa masa baki ɗaya: ƙil-ƙil-ƙil.

"Tun yaushe kofunana suka koyi waƙa?"

"Murna suke. Sun daɗe a kwali."

"Wato yanzu kanta na saya, sai aka yi min gyara da miji. Da dare ma a nan za ka kwana, ko in kawo maka filo?"

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta juyo masa da fuskar wayar: Yaya. Ta ɗauka, murya ta fito tar. Ya ce yana nan kan layinsu, jaka ma tana hannunsa, bari ya leƙo ya ga ko an iya haɗa abin nan.

Ta ajiye wayar. Dariyar ta bar bakinta, ta tsaya kallonsa kawai.

Hannunsa na baya ya yi tsami, ya ɗan matsar da yatsu. A nan ya ji shi: wani siririn layi da aka fafe a jikin katakon, yana tafiya daga sama har ƙasa. Ya bi shi da farce. Ya leƙa ɗaya gefen, akwai irinsa. Layi biyu suna kallon juna, babu komai a tsakaninsu. Idonsa ya sauka a kan shimfiɗar gwiwarsa da ke yashe a tsakar ɗaki.

"Ke," ya ce a hankali, "zo ki karɓe ni."

"In karɓe ka? Ba kai ka ce zama ba kyau ba?"

"Don Allah. In na saki, wallahi waƙar za ta zama kuka."

Ta yi maza ta matso. Ta sauke farantan cikin sauri kamar mai kwashe shanya ganin hadari, ta sa kafaɗarta inda tasa take. Ya buge allon sama daga ƙasa ya cire, ya kakkaɓe siririn allon, ya saita shi a bakin layukan. Ya zura. Allon ya tafi sululu har ƙasa. Ya mayar da na sama, ya danna. Ƙas!

"Saki."

Ta saki. Ya tura kantar da yatsa. Ya tura da tafi. Ya girgiza ta da hannu biyu. Ko gezau. Abin da ya raina, ya wuni yana murƙushewa da gwiwa, shi ne ya hana kusurwoyin karkacewa.

"Manyan a ƙasa," in ji shi, murya ta dawo. "Nauyi a ƙasa ake sa shi."

"To, injiniya."

Suna jera na ƙarshe Yaya ya yi sallama. Ya ajiye jaka, ya zagaya kantar, ya kama ta ya jijjiga kamar mai gwada haƙori. Ya leƙa baya yana neman ƙusa bai samu ba. Sannan ya sunkuya, ya nuna bayan farantan, inda allon ya lotsa wuri biyu, zagaye-zagaye, kusa da juna.

"Nan fa? Sun sayar muku da mai tabo. Bari in ciro shi in juya."

"Bar shi, Yaya," in ji ta. "Sa hannun mai aikin ne." Ta ma ɗan janye wani faranti gefe don lotsawar ta fito sosai.

Yaya ya dubi kantar, ya dubi mijin ƙanwarsa, ya dubi jakarsa. "To famfon kicin da kika ce ya koma ɗiga?"

Ta juyo ta kalli mijinta. Bakinsa ya riga ya buɗe da "Sai..." Ya haɗiye sauran. Ya miƙa hannu.

"Ara min sifana, Yaya."

Yaya ya ba shi, ya tsaya tsakar ɗaki hannu biyu a sake, yana waige-waige. Duk zuwan da yake yi gidan nan bai taɓa sanin inda ake zama ba. Sai da ta jawo masa kujera.